Ƙafar da ba a zana ba: me ke kashe kayan lantarki a Dagmanet?

Ƙarfe uku na rana a watan Mayu, unguwar Dagmanet ta yi tsit. Zafin Agadas ya haura digiri 40, an ɗauke wuta tun hantsi, kowa ya nemi inuwa ya kwanta. Can sai fanka ta motsa, firji ya yi gurnani, yara suka sa ihu cewa kuran ya dawo. A wani gida kuwa talabijin ta ƙi tashi. Ƴar jar fitilar gabanta tana ta ƙyaftawa, allon kuma baƙi ƙirin.

Washegari maigidan ya naɗe ta da bargo, ya ɗaure a bayan babur, sai rumfar mai gyara. Tun daga gida ya riga ya yanke hukunci: kuran ne ya ƙona ta.

Mai gyara bai yi musu ba. Ya kwance bayan talabijin ɗin, ya hure ƙurar da ta yi kauri a kan allon wuta, ya kai ɗan yatsa kan wani ɗan gwangwani da bai kai rabin batirin tocila ba. Kansa, wanda ya kamata ya kasance a baje da tsaga a gicciye, ya kumbura, wani abu ruwan ƙasa ya tsattsafo ya bushe a gefensa. Na kusa da shi ma ya fara tasowa. Ya ɗora ƙarfen dalma, ya cire su biyun, ya sa sababbi. Kafin shayin da ke kan gawayi ya tafasa, hoto ya dawo. Kuɗin kayan da aka canza bai fi ƴan ɗaruruwan sefa ba.

Wannan ɗan gwangwani shi ne kafasita, wanda masu gyara na Nijar suka fi kira kondansater. Da shi da ƴan'uwansa ake tace wuta kafin ta isa sassan na'ura masu laushi. Duk wanda ya zauna a rumfar gyara a Agadas, ko Arlit, ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ya san kaso mai yawa na kayan da ake kawowa a mace, a ɓangaren wuta suke mutuwa. Mutane suna ɗora laifin duka a kan kamfanin wuta. Laifin yana da rassa uku: wutar da ke shigowa, kayan tacewar da ke cikin akwatin, da kuma takardar da aka zana na'urar a kanta tun kafin a ƙera ta. Na ukun ne ba a cika magana a kansa ba.

Daga Anu Araren zuwa soket

Wutar Agadas ba daga Najeriya take zuwa ba. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Yamai da Maraɗi da Damagaram ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu, domin a lokacin wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar daga can yake fitowa. Arewa tana da nata layi dabam. Tushensa tashar kwal ta kamfanin SONICHAR ce da ke Anu Araren, kusa da Cirozerin, kilomita 70 da ƴan kai daga Agadas. An kafa kamfanin a 1975, tashar ta fara aiki a farkon shekarun 1980 da injuna biyu waɗanda ƙarfinsu duka bai kai megawat 40 ba.

Dalilin gina ta shi ne ma'adinan yuraniyom na SOMAIR da COMINAK a Arlit da Akokan. Garuruwa kuma kamfanin wuta, NIGELEC, ke sayen wutar ya raba musu. An rufe COMINAK a watan Maris na 2021, amma buƙatar gari ba ta ragu ba. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da dubu 100 a Agadas, kuma tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014 garin yake ta faɗi. Unguwanni irin su Dagmanet sun cika da sababbin gidaje, kowanne da firji da fanka da wayoyi masu jiran caji. Injunan da suka haura shekara 40 suna aiki su ne ke ɗauke da babban kaso na wannan nauyi.

Abin da ya kamata ya iso soket shi ne volt 220, yana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. A lokacin zafi, sa'ad da kowa ya kunna abin sanyaya ɗaki, gidan da ke ƙarshen layi yakan samu ƙasa da haka. In an ɗauke wuta aka maido, takan shigo da tsalle na ɗan ƙiftawar ido. In maƙwabci mai walda ya ɗana ƙarfe, fitilun layin duka sai su yi rawa. Ga ƙananan janareto da juyinsu ke hawa da sauka, ga inbata masu araha da wutarsu ba ta fita da santsi. Na'urar da aka kunna a Dagmanet tana shan duk waɗannan a mako guda.

Abin da kayan tacewa ke yi

Talabijin da rediyo da waya ba sa aiki da wuta mai kai da komowa. Suna son wuta mai tafiya hanya ɗaya, a daidai, irin ta batir: volt 12, ko 5, ko 3.3. Saboda haka a ƙofar na'urar, ko a cikin cajarta, yawanci akwai diyod huɗu da ke juya wutar ta fuskanci gefe guda. Sai dai abin da ke fitowa daga diyod ɗin tudu da kwari ne, yana hawa yana faɗuwa sau 100 a kowace daƙiƙa.

A nan babban kafasita yake shigowa. Mutumin Agadas ya san aikin randa: famfo ya zo ko ya yanke, ita tana cike, ana ɗiba a hankali. Haka kafasita ke cika idan wuta ta hau, ya saki idan ta sauka, sai kwarin ya cike. To amma mai alwala a zaure ba ya tashi zuwa randa a kan kowane tafin ruwa, buta yake ajewa a gefensa. A cikin na'ura ma haka ne. Kowane aisi, wato ƴar baƙar ƙwaƙwalwar nan mai ƙafafu, yana fizgar wuta farat ɗaya sau miliyoyi a daƙiƙa, kuma siririyar hanyar tagulla da ta taso daga babban kafasita ba ta iya kawo masa da wannan sauri. Don haka ake dasa masa ɗan ƙaramin kafasita dab da ƙafarsa ta wuta. Yawanci nanofarad 100 ne, mai lamba 104 a jikinsa, ɗan falle kamar ƙwayar magani.

Idan babban ya raunana, rediyo sai ta riƙa ƙugi, hoto ya riƙa rawa, na'ura ta ƙi tashi sai an kunna an kashe sau da yawa. Idan ƙaramin ne babu, ko an sa shi nesa da ƙafar, ciwon ya fi wuyar ganewa. Na'urar za ta yi aiki lafiya a kan teburin mai gyara, a kai ta gida firji ya tashi, ta ɗauke ta sake kunna kanta. Mai kaya ya ce ba a gyara ba, mai gyara ya rantse ya gyara, kuma kowannensu gaskiya yake faɗa.

Akwai sauran masu gadin ƙofa: fis, da wani shuɗin faifai da ke haɗiye tsallen wuta, da naɗin waya a kan zoben baƙin ƙarfe. Kumburin nan da ake gani a jikin wayar cajar kwamfuta ma na tace hayaniya ne.

Gargaɗi ɗaya ga yara masu son buɗe kaya: volt 220 idan aka juya shi ya taru a babban kafasita, yana kai volt 310. Shi ya sa ake rubuta 400 ko 450 a jikinsa. Yana iya riƙe wannan wuta bayan an zare filogi, kuma tana iya kisa.

Zafin Ayar da lissafin shekaru

A cikin gwangwanin akwai takarda jiƙe da wani ruwa, naɗe tsakanin fallayen alminiyam. Ranar da ruwan ya bushe, kafasita ya gama yayi. Masu ƙera shi suna rubuta iyakar zafinsa a jiki, digiri 85 ko 105, kuma na kasuwa da yawa awa 2,000 kacal aka yi musu alkawari a wannan zafin. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, duk digiri 10 da zafi ya ragu, rayuwarsa tana ninkawa biyu.

A yi lissafin da ɗakin kwano a Dagmanet. Iskar ɗakin ta kai digiri 45, cikin akwatin da ƙura ta toshe wa kafofin iska ya kai 65. Mai lamba 105 zai yi wajen awa dubu 32, wato shekara uku da rabi yana aiki dare da rana. Mai lamba 85 kuwa awa dubu 8 ne, bai cika shekara ba. A ƙasa mai sanyi, inda cikin akwatin bai wuce digiri 45 ba, wannan mai lamba 85 ɗin zai yi abin da na 105 ya yi a nan. Kayan da aka auna da yanayin wata ƙasa ne ake kawo mana, rana ta yankinmu na Ayar kuma ba ta san da wannan awo ba.

Duniya ma ta taɓa shan irin wannan. Daga wajen 1999 zuwa tsakiyar shekarun 2000, miliyoyin kwamfutoci sun mutu da wuri saboda kafasitocin da wasu masana'antun Taiwan suka yi da gurɓataccen ruwa. Manyan kamfanoni sun yi asara mai yawa. Can an yi shari'a an biya diyya. A nan mai kaya ne ke biyan kuɗin gyara.

Araha da ramukan da aka bari

A fasa cajar waya ta sefa ɗari biyar a duba allonta. Sau da yawa za a ga gurabe da aka zana da farin fenti, an rubuta C ko L da lamba, ramukan kuma fayau. Inda ya kamata naɗin waya ya zauna, an tsallaka da guntun waya. Wanda ya zana allon ya san da buƙatar tacewa, wanda ya harhaɗa ne ya cire don ya rage kuɗi. Cajar za ta yi caji, amma allon wayar ya riƙa tsalle ƙarƙashin yatsa, dattijon da ke sauraron labarai a gajeren zango kuma ya rasa abin da ya cika masa rediyo da ƙara.

Ƴan kasuwar da ke shigo da kaya daga Kano da Legas da Dubai, ko ta hanyar Libiya da Aljeriya, suna da tasu amsa, kuma ba ta wofi ba ce. Sun ce in ka ajiye mai kyau da mai araha a kan tebur, mai araha ke ƙarewa. Mutumin da ke neman na cefane ba zai biya ninki uku a kan abin da idonsa ba ya gani ba. Masu gyara kuwa kukansu shi ne, ko kayan canjin ma akwai na jabu: a rubuta 105 a jikin abin da bai kai ba. Shi ya sa da yawansu suka fi amincewa da kafasitan da suka ciro daga tsohon allo na kamfanin kirki.

Takardar da ke ɓoye ƙafa

Kowace na'ura tana da zanenta, shema a bakin masu gyara: layuka da alamomi da ke nuna me ya haɗu da me. A nan wata tsohuwar al'ada ta injiniyoyi take, wadda illarta ke biyo kaya har rumfar Dagmanet.

Ɗauki aisi mai lamba 7400, ɗaya daga cikin jerin da kamfanin Texas Instruments ya fitar a tsakiyar shekarun 1960, wanda har yau da shi ake koyar da ɗalibai. Ƙafa 14 gare shi. Ta 14 ce ke shan wuta, ta 7 ce ke zuwa ƙasa. A zane da yawa ba za ka ga waɗannan biyun ba sam. Ana zana ƙofofin lissafi huɗu da ke cikinsa, kowace a inda ake buƙatarta, ƙafafun wuta kuwa a bar su a zuci.

Da aka koma zane da kwamfuta, al'adar ta shiga cikin manhajoji. A Proteus, wadda makarantun fasaha da yawa ke amfani da ita, ɗalibi yana ɗora irin wannan aisi ya danna gwaji, ya ga fitila ta kama, alhali bai ja masa layin wuta ko ɗaya ba. Manhajar ce ta haɗa a ɓoye. A KiCad, manhajar kyauta da Jean-Pierre Charras ya fara a Faransa a 1992, ɓoyayyiyar ƙafar wuta tana haɗa kanta da duk layin da ke da suna irin nata.

Matsala ta farko a fili take. Ƙafar da ba a gani ba, ba a tuna a sa mata ɗan kafasitanta. Wasu masu zane sukan jera ƙananan kafasitocin duka a kusurwar takarda, babu alamar wanne na wane ne. Mai shimfiɗa allo ya zo ya tara su wuri guda don ya yi kyau a ido, nesa da ƙafafun da aka yi su dominsu. A takarda komai daidai, a aiki kuwa kamar babu su.

Ta biyu ta fi haɗari. Wani aisi ana kiran ƙafarsa VCC, wani VDD. Manhaja tana ɗaukar su layi biyu dabam, ɗaya ya tashi ba wuta. Ko kuma a samu aisi mai son volt 5 da mai son 3.3, dukansu da suna ɗaya, manhaja ta ɗaure su tare ba tare da kowa ya gani ba, ranar kunnawa ƙaramin ya ƙone.

Ta uku ita ce ta mai gyara. Abin da ya fara yi idan ya buɗe na'ura shi ne ya ɗora mita ya ga ko wuta tana isa aisi. In takarda ba ta nuna ƙafar ba, sai ya yi zato da abin da ya saba: ƙafa ta ƙarshe wuta, ta kusurwar da ke fuskantarta ƙasa. Zaton yakan yi daidai, har ranar da ya haɗu da 7490 mai shan wuta a ƙafa ta 5 da ƙasa a ta 10, ko LM324 mai wuta a ta 4 da ƙasa a ta 11, ko 4049 da wutarsa ke shiga ta ƙafa ta 1. Mai gyara a babban birni zai sauke takardar bayanin aisin daga intanet. Wanda layin waya ke yanke masa, kuma takardar da Ingilishi take alhali da Faransanci ya yi ɗan karatunsa, sai ya koma ga lalube.

Hujjar masu ɓoyewa

Masu wannan al'ada ba sakarkaru ba ne. Sun ce zane don a fahimci tafiyar saƙo ake yin sa, kuma in aka ja layin wuta da na ƙasa zuwa aisi talatin, takarda za ta cushe har a kasa karanta ta. A zamanin da allo duka volt 5 yake sha, maganarsu tana da ƙarfi.

Wannan zamani ya wuce. Allon yau yana ɗauke da matakan wuta uku ko huɗu. ATmega328P, ƙwaƙwalwar da ke kan allon Arduino Uno da matasa ke koyo da shi, tana da ƙafar wuta a ta 7, da wata dabam a ta 20 don sashen awo, da ƙasa a ta 8 da ta 22. Wanda ya manta da ta 20 zai samu awo na ƙarya. Masu kula da ma'ajiyar alamomin KiCad da kansu sun koma ga nuna ƙafafun wuta: a aisi mai sassa da yawa, ana ware musu ɗan akwati nasu wanda dole mai zane ya ɗora a takarda. Da haka zane bai cushe ba, kuma ba a ɓoye komai ba. A ganina gardamar ta ƙare a nan. Mai zane yana ɓata minti biyar ya nuna ƙafa, mai gyara kuma ya tsira da wuni guda.

Inda abin ya fi shafar Agadas

Wani zai ce ai ba a ƙera talabijin a Agadas. Gaskiya ne, amma ana zane kuma ana harhaɗawa. Garin yana da EMAIR, makarantar ma'adinai ta Ayar da ta daɗe tana yaye masu fasahar lantarki da injuna, yana da jami'a tun 2014, ga cibiyoyin koyon sana'a. Ɗalibi yana haɗa na'urar kunna famfon lambu, wani yana haɗa mai daidaita cajin batir. Abin da ya koya a allon kwamfuta shi zai kai kan allon tagulla.

Kayan da rayuwar yankin ta dogara a kansu kuma masu laushi ne. Na'urar neman zinariya tana sauraron saƙo ne ɗan mitsitsi daga ƙarƙashin ƙasa, hayaniya kaɗan a layin wutarta ta isa ta sa ta kuka a kan dutsen banza. Direban da ke ratsa Tenere ya dogara da wayar tauraron ɗan'adam da yake caji a batirin mota, inda wuta ke tsalle duk sa'ad da aka tayar da inji. Famfunan sola sun shiga lambunan Ayar, firjin allurar rigakafi a asibitocin karkara da sola yake aiki. Ƙasar da Farfesa Abdou Moumouni Dioffo ya yi wa aikin binciken hasken rana tun shekarun 1960 yanzu ta cika da faifan sola, amma faifan ba shi ke fara mutuwa ba. Inbata da akwatin caji ne ke riga shi, sau da yawa kuma a kafasita.

A Turai an fara tilasta wa kamfanoni. Tun 2021 dokokin Tarayyar Turai suka wajabta ajiye kayan canji na firji da injin wanki da talabijin na shekara 7 zuwa 10, da ba masu gyara bayanan aiki. Faransa a shekarar ta fara sa maki a jikin kaya da ke nuna sauƙin gyaransu. Mu da muka fi su dogaro da gyara, mu ne ake sayar wa kaya babu takarda, wani lokaci ma an kankare lambar aisin don kada a gane shi.

Abin da ke hannunmu

Gyaran layin wuta aikin gwamnati ne da NIGELEC, kuma jama'ar Agadas suna da haƙƙin su ci gaba da nema. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa ma tana da aiki a kan caja da inbata da ke shigowa ba tare da an buɗe ko ɗaya an duba ba. Ma'aikatu da ƙungiyoyin da ke sayen kayan sola na asibiti da makaranta su sa a cikin sharaɗin ciniki cewa sai an haɗo da cikakken zane.

Maigida kuma ya zare filogi idan an ɗauke wuta, ya bari ta zauna kafin ya mayar. Ya janye talabijin da inbata daga jikin bango, ya cire ƙyallen adon da ke rufe kafofin iska, ya sa a hure musu ƙura bayan hunturu. In an ce za a canza masa kafasita, ya nemi ganin lamba 105 a jiki.

Malaman lantarki na EMAIR da jami'a da cibiyoyin sana'a, ku ne magana ta fi hawa kanku. Kada ku karɓi zanen ɗalibi sai kowane aisi ya nuna ƙafarsa ta wuta da ta ƙasa da lambobinsu, an rubuta volt nawa ne a kan layin, kuma ɗan kafasitansa yana zane a gefensa, inda mai gyara zai neme shi.